Yadda ake shigo da gas ɗin firji da na AC ta hanyar doka

Gas ɗin da masu gyaran firji ke ɗurawa a Dutsin-Ma da Kurfi, ko R-22 ne ko R-134a ko R-410A, ba a Najeriya ake haɗa shi ba. Daga waje yake zuwa, akasari daga Sin, ya sauka Legas, ya hau mota zuwa Kano, sannan ya biyo hanyar Katsina. Buƙatarsa kuwa kullum ƙaruwa take, musamman tun da aka buɗe jami'ar tarayya a Dutsin-Ma a 2011: ga ofisoshi da ɗakunan gwaji, ga masu ƙanƙara da ruwan leda, ga masu adana kifin dam ɗin Zobe. Saboda haka ba mamaki ɗan kasuwa ya yi tunanin me zai hana shi ma ya sauke kwantena tasa. Babu abin da zai hana, amma wannan kaya ba shinkafa ba ce. Izini ake fara nema, sannan a yi ciniki.

Abin farko shi ne sanin wane gas ne, domin kowane iri da hukuncinsa. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Montreal a 1988, yarjejeniyar da aka ƙulla a 1987 don ceto bargon ozon da ke kare mu daga zafin hasken rana mai cutarwa. A ƙarƙashinta aka rufe ƙofar R-12 tun farkon 2010, don haka duk wanda ya yi maka tallarsa yau haramtaccen kaya yake tallata maka. R-22 na tsofaffin AC yana kan hanyar fita: ka'ida ta ce a rage kashi 67.5 cikin ɗari a 2025, a daina a 2030, sai ɗan ragowa don gyare-gyare. Su R-134a da R-410A da R-404A ba sa cin ozon, amma suna ɗumama duniya, shi ya sa gyaran Kigali na 2016, wanda Najeriya ta amince da shi a ƙarshen 2018, ya sa musu linzami: daga 2024 ba ƙari, a 2029 a rage kashi 10, a yi ta ragewa har kashi 80 a 2045.

Bayan haka sai kamfani. Dole a yi rajista da hukumar CAC, a samu lambar haraji, a tanadi sito na gaske, mai iska, nesa da wuta da zafin rana, a kuma ɗauki ma'aikacin da ya karanci kimiyyar sinadarai ko makamanciyarta. Hukumar NAFDAC takan duba waɗannan kafin ta saurari mai shigo da sinadari. Shagon kwano da ke ɗaukar zafin watan Afrilu ba sito ba ne, ko da kuwa mai duba ya kau da kai.

Mataki na uku ne zuciyar lamarin, wato kaso. Abin ya yi kama da kujerun aikin hajji: ƙasa tana da iya adadin da aka yarje mata a shekara, shi ake rabawa tsakanin masu nema. Ofishin Ozon na Ƙasa, da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a Abuja, shi ke riƙe da wannan lissafi, shi kuma ke kai rahoton Najeriya ga sakatariyar yarjejeniyar a Nairobi kowace shekara. Can ake rubuta takardar nema, a faɗi irin gas da yawan kilo da ƙasar da zai fito. A nan ɗan kasuwa ya kamata ya zauna da biro, don gas ɗin da Kigali ta shafa ba da kilo kaɗai ake ƙirga shi ba, da ƙarfin ɗumamarsa ake ƙirgawa. Kilo ɗaya na R-134a daidai yake da kilo 1,430 na iskar kabon, na R-410A 2,088, na R-404A 3,922, na R-32 kuwa 675. Ke nan tukunya guda ta R-134a mai kilo 13.6 ta haura tan 19, ƙaramar tukunyar R-404A mai kilo 10.9 kuma ta doshi tan 43. Duk lokacin da kason ƙasa ya ƙara matsewa, masu nauyin nan ne za su fara tsada da wuya. A ganina wanda zai zuba jarinsa yau gara ya karkata ga R-32 da R-290 da R-600a, waɗanda sababbin na'urori ke sha, sai dai ya sani suna kama wuta, ajiyarsu da ɗaukarsu na buƙatar ƙarin kula.

Da kaso a hannu ake neman izinin shigo da kaya daga NAFDAC. Za a haɗa da takardar farashi daga kamfanin da zai sayar, da takardar bayanin haɗarin sinadarin. Izinin na shekara guda ne, na gas ɗin da aka ambata, da adadin da aka ambata. Ba a aron na wani, ba a kuma cike giɓin R-22 da izinin R-134a.

Sai banki. A buɗe Fom M, a rubuta lambar kwastan ta kayan daidai: 2903.71 ta R-22 ce, 2903.45 ta R-134a, gaurayayyu irin su R-410A kuma suna ƙarƙashin 3827 tun sabon tsarin 2022. Tsohuwar dabarar 'yan fasa-ƙwauri ita ce rubuta lambar wani gas a kan wani, jami'ai kuma sun san ta. Sai Fom M ya samu amincewa ake cewa a loda. Wanda ya yi gaggawa kayansa suka riga takardunsa isowa Apapa ko Tin Kan, kuɗin ajiya na kullum ne zai cinye ribar kafin ya ga tukunya ɗaya. Idan jirgi ya taso, takardun lodi su bi ta banki, kwastan su fitar da takardar kimantawa da ake kira PAAR, a biya haraji, a nemi sahalewar NAFDAC ta fitar da kaya. A wurin bincike ana iya jona tukunya da na'urar tantance gas, cikin 'yan mintuna ta faɗi abin da ke ciki. Hukumar NESREA, mai aiwatar da dokokin kare ozon da aka fara fitarwa a 2009, tana da hurumin bin kayan har sito. A kuma tuna, tsofaffin firji da AC da kwamfiresa na cikin jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su, kada a cusa su a bayan kwantena.

Gaskiya ita ce mafi yawan 'yan kasuwar Dutsin-Ma da Kurfi ba za su taɓa buɗe Fom M ba, tukunya biyar ko goma za su saro a Kano. Su ma doka ta hau kansu, kuma a wurinsu ne na fi damuwa. Alhaji mai saro kaya, ka tambayi dilanka sunan kamfanin da ya shigo da gas ɗin, ka karɓi rasiɗi mai ɗauke da irin gas da lambar rukuni. Wanda ya ce maka ta Maraɗi da Jibiya ya biyo, ba takarda amma da sauƙi, ka bar masa kayansa. Launi ba hujja ba ne. An saba ganin R-22 a koriyar tukunya, R-134a a shuɗiya mai haske, R-410A a ruwan hoda, amma fenti da kwali su ne mafi arha a wurin mai jabu. Ɗora tukunyar a sikeli. Bar ta ta huce a inuwa, ka sa geji: idan zafi na maki 30, R-134a zai nuna kusan 97 a ma'aunin psi, R-22 kusan 158. Allura ta kauce da nisa, to akwai gauraye.

Geji ma ba ya kama komai. A 2011 kwantenonin sanyi sun fashe a Biyetnam da Barazil, ma'aikata 3 suka rasu, bincike ya gano jabun R-134a ne da aka gauraya da R-40, sinadarin da ke cin alminiyon cikin kwamfiresa ya haifar da abin da ke kama wuta da zarar ya haɗu da iska. Wanda ke tsugune gaban injin a irin wannan lokaci ba mai kwantena ba ne, yaron shago ne riƙe da tiyo. Don haka idan saye ya yi yawa, a nemi gwaji da na'urar tantancewa kafin a biya, a kuma tuntuɓi ƙungiyar masu gyaran firji da AC ta ƙasa, NARAP, wadda ake horar da 'ya'yanta kan wannan aiki.

Abin da ya rage shi ne littafi. Mai shigo da kaya ya rubuta abin da ya sauke, da wanda ya sayar wa, da abin da ya saura a sito, domin da wannan bayani zai koma neman kason baɗi. Mai shago a Kurfi shi ma ya ajiye nasa: rana, irin gas, kilo nawa, injin wa aka ɗura wa. Mai gyara kuma ya toshe yoyo kafin ya ƙara gas, ya zuƙe tsohon cikin tukunyar ajiya maimakon ya yanke bututu ya sake shi a iska, don R-22 ɗin da ya zuƙe yau, idan aka tace shi, zai tayar da wani AC bayan 2030, lokacin da sabo zai yi wuyar samu.