Amsar Tambaya: Baƙin Tabo a Jikin Rumman

Malam, alamomin da ka bayyana sun dace da cutar da manoman Maharashtra ta ƙasar Indiya suke kira telya, wadda ƙwayar bakteriya ce sababinta. Ɗaga ganyen ka duba shi a hasken rana: in ka ga ɗigo kamar na mai, daga bisani ya yi baƙi, 'ya'yan kuma suna tsagewa a kan tabon, to ita ce. Da yake ruwan sama da iska da almakashi ne ke yaɗa ta, wajibi ne ka yanke rassan da suka kamu ka ƙone, ka tsabtace almakashin bayan kowace bishiya, sa'an nan ka fesa maganin tagulla gwargwadon yadda malamin gona ya auna maka.