Amsar Tambaya: Wace RAM Zan Saya?

Tambaya: Ina harhaɗa kwamfutar tebur don shagon buga takardu a Goronyo. Wace RAM ta dace?

Amsa: Malam, kafin ka tambayi farashi, duba madabod ɗinka, domin shi ke yanke hukunci. DDR3 ta tebur tana da haƙora 240, DDR4 da DDR5 kowace 288, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. Wata ba ta shiga gurbin wata, in ka matsa sai ka ɓalla gurbin.

Daga nan, girma ya fi gudu amfani. Windows 11 tana neman aƙalla 4GB, amma da CorelDraw da Chrome a buɗe wannan ba ya kai ka ko'ina. Nemi 16GB, guda biyu masu 8GB iri ɗaya, don su yi aiki ta hanya biyu lokaci guda. Wani zai ce mai saurin gudu ta fi. A aikin takardu da wuya ka ga bambancin, kuma DDR4 da aka ƙara wa gudu kan tashi daga bolt 1.2 zuwa 1.35, ƙarin zafi ke nan a ƙasar da Afrilu ke haura digiri 40. 'Yar gwanjo fa? Ba laifi, RAM ba ta cika lalacewa ba. Sai dai a gwada ta da MemTest86 tun kana shagon mai sayarwa a Sakkwato, don mayar da ita daga Goronyo zai cinye rangwamen a kuɗin mota.