Idan Kunkuru Ya Bayyana a Hanyar Bergen

Duk wanda ya sauka a Oslo ya nemi motar haya, to ya shirya wa mai amfani da lantarki. A 2024, kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a Norway na lantarki ne zalla. A lokacin bazara babu abin damuwa. Hunturu kuwa, musamman ga mai niyyar tsallaka tudun Hardangervidda ta hanya mai lamba 7 zuwa Bergen, shi ne lokacin da mota kan rage ƙarfi ba zato, ka taka totur ta riƙa jan jiki.

Kada ka yi saurin cewa ta lalace. Dubi allon da ke gabanka. A motoci da yawa, irin su Nissan Leaf, hoton kunkuru ne ke fitowa. Wasu kuma rubutu suke yi cewa an taƙaita ƙarfi. Motar ce da kanta ta rage wutar da take zuƙa don ta kare babban batir, kuma yawanci dalilin bai wuce caji ya yi ƙasa ba, ko batir ya yi sanyi ƙwarai. Zafi ma yakan jawo haka bayan gudu mai tsawo da caji mai sauri a jere, amma a Janairu kan wannan tudu ba shi ne abin zargi na farko ba.

Sanyi ne babban mai laifi. Sinadaran da ke cikin batir kan yi nauyin jiki idan sun huce, sai wutar ta riƙa fita a hankali, ta kuma shiga a hankali. Ga hita na cin nata rabon, domin babu injin da ke ba da ɗumi kyauta kamar na motar fetur. Ƙungiyar masu motoci ta ƙasar, NAF, takan gwada motoci a hunturu, kuma a kai a kai ana ganin tafiyar da caji ɗaya ke yi ta gaza abin da kamfani ya rubuta, sau da yawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, a tsananin sanyi fiye da haka. Ka haɗa da hawa: hanyar tana kaiwa kimanin mita 1,250 a wajen Dyranut. Lissafin kilomitan da mota ta nuna maka a Oslo ba zai tsaya a haka ba.

Saboda haka ka yi caji sosai a Geilo, ko da kana ganin abin da ya rage zai kai ka Eidfjord, mai nisan kusan kilomita 90. Ka sa wurin cajin a taswirar motar kanta, ba ta wayarka ba, domin motoci da yawa sai sun ga inda za ka sannan su fara ɗumama batir. Da safe ka kunna hita tun motar na jone da wuta. A hanya, ɗumin kujera da na sitiyari sun fi arhar wuta a kan ɗumama cikin motar baki ɗaya. Abin da ya sa na matsa a kan Geilo shi ne, idan iska ta taso da dusar ƙanƙara, hukuma kan rufe hanyar ko ta tara motoci su bi bayan motar share ƙanƙara a jere, kuma jiran na iya ɗaukar awanni, hita na ci. Kira 175 ka ji halin hanya kafin ka tashi. In ta ƙi, akwai E16 ta Filefjell da ramin Lærdal mai tsawon kilomita 24.5, wadda ba a cika rufe ta ba.

In kunkurun ya riga ya fito, sassauta gudu, rage hita, ka nufi caja mafi kusa. In caji na nan da yawa, ka tsaya inda babu haɗari, ka kashe motar, ka kulle ta, ka ba ta mintuna kaɗan. Wani lokaci kwamfutarta ce ta rikice, tana sake tashi sai gargaɗin ya ɓace. A gangaren Måbødalen kuma ka lura: batir mai sanyi ko wanda ya cika ba ya karɓar wutar da mota ke mayarwa in ka ɗaga ƙafa, don haka ba za ta riƙe kanta yadda ka saba ba, sai ka haɗa da birki.

Akwai wata matsalar da ke ruɗa baƙo. Ka fito da safe, ƙofa ta ƙi buɗewa, allo ya yi duhu, alhali jiya ka bar caji kashi 80. Wannan ƙaramin batir ne mai bolt 12, irin na kowace mota. Shi ke tada kwamfuta da maɓallan da ke haɗa babban batir da injin. In ya mutu, babban yana nan cike amma ba hanyar fita. Ana iya tada shi da wani batir, a wuraren da littafin motar ya nuna kaɗai.

Jan gargaɗi kuwa, ko warin ƙuna, ko ka bugi dutse da ƙasan motar, wannan ya wuce hannunka. Tsaya, sa riga mai ƙyalli, ajiye alamar kusurwa uku, ka kira lambar kamfanin hayar. Hayaƙi in ya fito, kowa ya yi nisa, a kira 110. Wayoyi masu ruwan goro na ɗauke da bolt 400, a wasu motocin 800, kada ka taɓa, kada kuma ka bar wani mai karambani ya taɓa. Al'adar nan tamu ta ɗaura igiya a ja mota, ita ma a bar ta: tayoyin na juyawa injin na haifar da wuta, yana iya ƙona na'urorin. Ka gaya wa mai janwe ya zo da motar da ake ɗora ta a kai gaba ɗaya.