Darasi Daga Duwatsun Hijaz: Tsirrai Da Dabbobi Tun Daga Tihama Har Zuwa Sarawat



Darasinmu na wannan mako ya shafi ƙasar Hijaz ne, watau ƙasar da Makka da Madina da Ɗa'ifa suke cikinta. Da yawa daga cikinmu idan aka ambaci ƙasar Larabawa ba abin da ke faɗo musu a rai sai rairayi da raƙuma da zafin rana. Alhali kuwa mutumin da ya tashi daga Jidda da hantsi, ya bi ta Makka ya haura Ɗa'ifa, kafin la'asar zai ratsa ƙasashe uku ko huɗu masu bambancin iska da itatuwa da namun daji, duk a cikin tafiyar da ba ta kai kilomita 200 ba. Sanin wannan yana taimakon ɗalibi wajen fahimtar Sira da Fiƙihu, yana kuma nuna mana yadda magabata suka kiyaye makiyaya da dazuzzuka.

SUNAYEN ƘASAR

Larabawa sun raba ƙasarsu da sunaye gwargwadon tudunta da kwarinta. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke bin gaɓar Bahar Maliya ita ce Tihama, kuma malaman lugga sun ce sunan ya samo asali daga tsananin zafi da tsayawar iska. Jerin duwatsun da ya tashi daga wajen Ɗa'ifa ya miƙa kudu har ƙasar Yaman shi ne Sarawat, jam'in Sarat, watau doron abu ko ƙololuwarsa. Najadu kuwa ma'anarta ƙasa mai tudu, ita ce ke gabas da duwatsun. An kira Hijaz da wannan suna domin ita ce shamaki tsakanin Tihama da Najadu.

Jidda tana daidai da bakin teku. Makka ta ɗara teku da mita 300 ko ƙasa da haka kaɗan. Ɗa'ifa tana bisa wajen mita 1,800. Dutsen Sauda da ke kusa da garin Abha a lardin Asir ya kai kimanin mita 3,000, sa'an nan dutsen Annabi Shu'aibu na ƙasar Yaman, wanda ya fi kowane dutse tsawo a tsibirin Larabawa, yana da mita 3,666.

DALILIN BAMBANCIN

Allah Ya sanya wa iska wata ƙa'ida, ita ce duk sa'ad da aka hau sama sai ta ƙara sanyi. Masana sun auna sun tarar kowace mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da digiri shida da rabi a bisa matsakaicin lissafi. Saboda haka tsakanin Makka da Ɗa'ifa akan sami ratar digiri goma ko kusa da haka. Wannan ne ya sa tun zamanin Jahiliyya mawadatan Ƙuraishawa ke mallakar lambuna a Ɗa'ifa, suna zuwa can cin bazara.

Abu na biyu shi ne laima. Iskar da ta taso daga teku ɗauke da tururin ruwa, idan ta ci karo da bangon dutse sai ta haura tilas, ta yi sanyi, tururin ya zama girgije. Daga nan sai a sami ruwan sama da raɓa a fuskar dutsen da ke kallon yamma. Kafin iskar ta tsallaka gabas ta riga ta sauke kayanta, sai ta gangara Najadu a bushe. Shi ya sa Makka ba ta samun abin da ya wuce milimita 100 da 'yan kai a shekara, amma tuddan Asir sukan sami 300 zuwa 500. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratu Ibrahim, ya siffanta kwarin Makka da rashin shuka, ga shi kuwa 'ya'yan itatuwa suna zo mata daga tuddan da ke maƙwabtaka da ita tun dā har yau.

HAWA NA FARI: TIHAMA

A wannan hawa Bahaushe ba zai ji baƙunta ba, gama yawancin itatuwan wurin ya san su tun daga gida. Akwai tumfafiya, wadda Larabawa ke kira ushar. Akwai kurna da danginta magarya, su ne sidir, wanda ake wankan gawa da ganyensa. Akwai goriba a kwaruruwan kudancin Tihama, da sanamaki, da itacen arak wanda ake yanko asuwaki daga saiwarsa. Akwai kuma itatuwan ƙaya iri iri, kamar salam da samura. A ƙarƙashin wata samura ce sahabbai suka yi Mubaya'ar Ridwan a Hudaibiyya cikin shekara ta 6 bayan Hijira. Duk waɗannan itatuwa sun yi tarayya cikin jure fari. Waɗansu saiwarsu ce ke nutsawa can ƙasa neman ruwa, waɗansu kuwa ganyensu ƙanana ne ƙwarai don kada rana ta tsotse su. Inda rafi ke saukowa daga dutse, manoman Tihama kan tare ruwan su shuka dawa da gero da riɗi, kamar dai yadda muke yi.

Daga cikin ciyayin wannan hawa akwai izhir, watau nobe, ciyawa mai ƙanshi wadda ta shiga littattafan Hadisi. A shekara ta 8, bayan buɗe Makka, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya bayyana alfarmar Harami, ya hana sare itacensa da yankan ciyawarsa da korar namun dajinsa. Sai baffansa Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya roƙi a togace izhir, domin maƙera suna hura wuta da shi, ana kuma rufin ɗakuna da shi. Manzon Allah ya togace shi. A nan mai hankali zai ga an haɗa abu biyu, an kare daji, ba a kuwa ƙuntata wa masu sana'a ba.

HAWA NA BIYU: GINDIN DUTSE DA HAURAWA

Daga wajen mita 500 zuwa 1,500 ƙasa takan zama tsakuwa da fale-falen duwatsu da kwazazzabai masu zurfi. A nan ake samun basham, ɗan'uwan dashi, mai ƙaro mai ƙanshi, da kariya mai kumburarren gindi inda take ajiye ruwa, da ɓaure a bakin ƙoramu. A tuddan Jazan, kamar Faifa da Bani Malik, ana noman gahawar da ake kira Haulani a gonakin da aka sassaƙa a jikin dutse hawa hawa kamar matakala, kowane hawa an tokare shi da bangon duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa.

Dabbar da matafiyi zai fara gani ita ce gwaggon biri, garke garke a gefen hanyar Hada da ke haurawa Ɗa'ifa. Akwai agwada, wadda Larabawa ke kira wabar, tana shan hantsi bisa duwatsu, da ta ji motsi sai ta shige tsaga. Allah Ya yi wa tafin ƙafarta taushi da danshi don ta kama dutse. Akwai akuyar dutse mai manyan ƙahoni lanƙwasassu, ita ce wa'al, wadda kofatonta ke da kaifin gefe da taushin ciki, tana bin gangaren da mutum ba ya iya tsayawa a kansa.

Sarkin wannan hawa a dā shi ne damisar Larabawa, wadda ta fi kowane irin damisa ƙanƙanta. Farauta da guba da ƙarancin abin da za ta kama sun kusa ƙarar da ita, har masana suna ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a daji ba su kai 200 ba, yawancinsu a duwatsun Oman da Yaman. Ana kiwon waɗansu a wata cibiya da ke Ɗa'ifa da niyyar mayar da su daji. A shekarar 1444 ta Hijira, watau 2023, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 10 ga Fabrairu ta kowace shekara don tunawa da ita. Da damisa ta ɓace, mutane kuma suka shiga jefa wa birai abinci daga motoci, sai biran suka yawaita suka zama fitina ga lambuna da gidaje.

HAWA NA UKU: DORON SARAWAT

Idan aka doshi mita 1,500 sai a fara ganin zaitun na daji, wanda ake kira utum. Daga wajen mita 2,000 zuwa sama kuwa sai kurmin ar'ar, itace mai siraran ganye wanda ba ya kaɗewa rani da damina. Girgije yakan sauko ya lulluɓe kurmin, ganyen ya tare laimar, ta riƙa ɗiga a gindinsa, sai ciyayi su rayu a inuwarsa. A cikin wannan kurmi na Asir akwai wani tsuntsu ɗan'uwan hankaka mai dogon wutsiya, ana ce masa aƙ'aƙ, wanda ba a samun irinsa a ko'ina cikin duniya sai nan. An lura cewa ar'ar yana bushewa a wurare da yawa, musamman a ƙasa ƙasan iyakarsa inda fari ya fi tsanani, kuma inda kurmin ya tafi tsuntsun ma ba zai zauna ba.

A wannan hawa ne ake noman alkama da sha'ir da inabi da rumman, da furen wardi na Ɗa'ifa wanda ake tsinka cikin watannin Maris da Afrilu don yin turare. Mai karanta Sira zai tuna cewa sa'ad da mutanen Ɗa'ifa suka jefi Manzon Allah a shekara ta 10 bayan aiko shi, ya fake ne a lambun Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, inda baransu Addas ya kawo masa inabi.

GANGAREN GABAS

Bayan an tsallake doron dutse sai ƙasa ta gangara a hankali ta zama fili mai ciyawa jefi jefi. Nan ne mazaunin barewa da damo da tsuntsun hubara, da jimina da farin mariri a dā. Jiminar Larabawa ta ƙare ƙurmus a tsakiyar ƙarni na 20. Mariri ma an kashe na ƙarshensa a daji a 1972, bayan shigowar mota da bindiga mai sarrafa kanta. Sai dai an riga an killace waɗansu ana kiwonsu, aka sake su a Oman a 1982, sa'an nan a gandun Mahazatus Saidi da ke gabas da Ɗa'ifa a 1990, suka kuwa hayayyafa.

HIMA: HURUMIN MAGABATA

To, ina abin da Shari'a ta tanada game da wannan? Ta tanadi hima, watau fili ko kwari da shugaba zai keɓe don maslahar jama'a. A Jahiliyya mai ƙarfi ne kan keɓe wa kansa makiyaya ya hana kowa. Musulunci ya rushe wannan, ya bar keɓewa don amfanin al'umma kaɗai. Manzon Allah ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakin Musulmi. Ya kuma kare wa wani mai suna Hilal kwarin Salaba saboda ƙudan zumarsa. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza da Sharaf, kuma Imamu Malik ya kawo a ƙarshen Muwaɗɗa yadda ya umarci bawansa Hunayyu, mai gadin hima, da ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare garkunan Ibnu Aufin da Ibnu Affan, domin su idan dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa ba shi da madogara. Malaman Malikiyya sun shardanta cewa shugaba ne ke yin hima, a wurin da ba zai ƙuntata wa mutane ba, kuma don buƙatar jama'a.

Ƙabilun Sarawat sun riƙe wannan tsari ƙarni bayan ƙarni. Wani hima akan hana kiwo a cikinsa sai dai a yanki ciyawa a lokacin fari, wani akan rufe shi har furanni su gama don zuma, wani kuwa ba a sare itacensa sai don gina masallaci ko wata larura ta gari. An ƙiyasta cewa a tsakiyar ƙarni na 20 akwai hima wajen 3,000 a ƙasar Saudiyya. Da aka buɗe makiyaya ga kowa, aka kuma sami motocin kai wa garke ruwa ko'ina, sai yawancinsu suka watse, ƙasa ta rasa hutu.

Mu ma ba baƙin wannan hukunci ba ne. Kalmar hurumi da muke faɗi daga Larabci ta zo, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin hima da harimin gari a cikin littafinsa Ta'alimur Radi. Duk dagaci ko hakimin da ya bari aka nome hurumi ko aka toshe burtali, ya sani talakan da ba shi da madogara shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa, daga nan kuma sai husuma tsakanin manomi da makiyayi. Alhajin da Allah Ya nufa da ziyarar Ɗa'ifa kuwa, ya tuna cewa daga lokacin da ya ɗaura harami a Ƙarnul Manazil farautar dabbar tudu ta haramta gare shi, idan kuma ya shiga iyakar Harami to itacen da ya tsira da kansa da ciyawarsa ba nasa ba ne ya taɓa, ko yana cikin harami ko ba ya ciki.

Allah Ya sa mu zama masu lura da ayoyinSa, masu riƙon amanar ƙasar da Ya ɗora mu a kanta. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.