Toka a siminti, ƙura a huhu: darasi ga magina da iyalansu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ta Kankiya, ko ya ratsa zuwa Kusada, zai ga wuraren buga bulo a bakin hanya. Siminti ya yi tsada, shi ya sa ake neman abin da zai rage shi. A wannan darasi za mu duba amfanin toka a gini, da kuma yadda za mu kare numfashinmu daga ƙurarta.

Sharar da ke zama kayan gini

A ƙasashe da yawa ana haɗa siminti da tokar kwal ta tashoshin lantarki, ko da dattin da ke fita daga narkar da ƙarfe. Mu a nan abin da ya fi kusa da mu shi ne ɓuntun shinkafa da injin casa ke zubarwa. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera ɓuntu ne. Idan an ƙona shi a hankali, zafin bai wuce digiri 700 ba, aka niƙa tokar ta yi laushi, tana iya maye gurbin kashi 10 zuwa 20 na siminti. Irin wannan bulo yana jinkirin yin ƙarfi, sai a daɗe ana ba shi ruwa. Kada mu sa toka a ginshiƙi ko dakin sai da shawarar injiniya.

Haɗarin ƙura

Ƙurar siminti da ta toka suna shiga can cikin huhu. Idan aka haɗa da hayaƙin itace, taba sigari da ƙurar hunturu, hanyoyin iska suna ƙuntata, mutum ya riƙa haki da tari shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon toshewar huhu ya kashe mutum miliyan 3.5 a 2021. Don haka mu yayyafa ruwa kafin shara, mu kwaɓa a fili, mu rufe hanci da baki da takunkumi mai kyau, mu hana yara wasa a wurin.

Motsa numfashi

Huhun da ya lalace ba ya komawa yadda yake, amma waɗannan hanyoyi suna rage haki:

1. Mu zauna, mu saki kafaɗu. Mu ja iska ta hanci muna ƙirga 2. Mu tsuke leɓe kamar za mu hura kunu mai zafi, mu fitar da ita a hankali muna ƙirga 4. Wannan yana fitar da iskar da ta maƙale.

2. Mu ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Idan mun ja iska, cikin ne zai taso, ba ƙirjin ba. Mu yi minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana.

3. Idan haki ya taso, mu zauna mu ɗan sunkuya, gwiwar hannu a kan cinya.

Wannan ba ya maye gurbin magani. Tarin da ya kai mako biyu, ko tari da jini, a je asibiti a gwada tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Tambayoyin tattaunawa

• Wa ya fi shaƙar ƙura da hayaƙi a gidajenmu?
• Me mai wurin buga bulo ya kamata ya tanadar wa leburorinsa?
• Wa za mu koya wa waɗannan hanyoyi a wannan mako?