Matafiyi Da Majigin Jirgin Sama

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, fataucinmu a yau ya koma jirgin sama, ana ta zirga-zirga zuwa Dubai da Jidda da ƙasar Sin. Kowane fasinja kuwa da majiginsa a gaban kujera, yana zaɓen abin da zai kalla.

To, mu sani, a aya ta 30 ta Suratun Nur Allah Ya umurci muminai da runtse ido daga haram, tafiya kuma ba ta ɗauke wannan hukunci. Fim ɗin da ke da tsiraici sai a kauce masa. Wanda babu ɓarna cikinsa ma, kada ya cinye lokacin salla. Mai nufar gabas rana takan yi saurin faɗuwa gare shi, don Dubai ta riga Kano da awa 3. Kafin fim ɗaya ya ƙare, sai La'asar ta kuɓuce.

Matafiyi ya yi alwala kafin ya hau jirgi. In ya sami wuri ya yi salla a tsaye yana fuskantar alƙibla, in bai samu ba ya yi yadda zai iya. A mazhabar Maliku, tafiyar da ta kai mil 48 sunna ce a yi mata kasaru: Azahar, La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu.

Hadisi ya tabbatar addu'ar matafiyi karɓaɓɓiya ce. Kada mu sayar da ita da kallo.

Allah Ya sa mu dace, amin.