Amfanin Kwanan Sansani Ga Yara

Wata rana ɗanka zai komo daga makaranta da takarda a hannunsa, ya ce, "Baba, Malam ya ce ka sa hannu, za mu tafi sansani mu yi kwana bakwai." To, me za ka ce masa? Waɗansu iyaye su kan hana nan take, waɗansu kuwa su kan yarda ba su tambayi kome ba. Duka biyu ganganci ne. Karanta wannan darasi tukuna, sa'an nan ka yanke shawara.

1. ASALIN ABIN

A da, sansani wurin saukar mayaƙa ne. Amma wanda mu ke nufi a nan shi ne wurin da a ke tara yara lokacin hutu, su kwana tare a ƙarƙashin kulawar malamai, su yi wa kansu hidima.

Cikin watan Agusta na 1907 wani sojan Ingila, sunansa Baden-Powell, ya ɗebi yara 20 ya kai su wani tsibiri da a ke kira Brownsea, a kudancin Ingila. Da gangan ya gama 'ya'yan masu arziki da 'ya'yan talakawa. Ya kasa su kashi huɗu, kowane kashi da shugabansa daga cikin yaran. Daga nan ƙungiyar 'yan Sikawut ta samo tushe, ta iso Nijeriya a 1915. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Ikko a 1954, ita ma ta kan tara ɗalibai a wata makaranta lokacin hutu, su kwana can suna ɗaukar darasi. Har manya ma Gwamnati ba ta bar su ba. Tun 1973 waɗanda suka gama jami'a su kan fara hidimar ƙasa da zaman sansani, na Jihar Kano kuwa yana Kusalla, ƙasar Ƙaraye, maƙwabciyar Gwarzo da Kabo.

Kada ka ce wannan baƙon abu ne. Dattawan Getso da Kutama da Garo sun san kwanan gona da kaka, sa'ad da a kan bar samari a bukka suna tsaron amfani. Ɗan Fulani kuma tun yana ƙarami ya ke kwana a ruga tare da shanu. Abin da aka ƙara kawai shi ne tsari, da malami mai lura.

2. ABIN DA YARO YA KAN KOYA

Na fari, hidimar kai. A gida uwa ce ke dafawa, yaro sai ya wanke hannu ya zauna. A sansani kuwa, in bai samo itace ba babu wuta, in babu wuta babu tuwo. Ran farko hayaƙi zai cika masa ido, tuwon ya fito da gudaji. Kafin kwana uku ya gane a kan fara da ƙirare kafin manyan itace, a kan yi talge kafin a zuba gari, ya san riƙon muciya. Shi zai wanke rigarsa, ya naɗe tabarmarsa, ya adana guzurinsa don kada ya ƙare tun ranar Talata.

Na biyu, tsabta da kiyaye lafiya. Babban hutun makaranta ya kan faɗo da marka, lokacin sauro. Saboda haka a kan koya wa yaro ɗaura gidan sauro, da tafasa ruwan sha, da haƙa masai nesa da rijiya da wurin dafuwa, da wanke hannu da sabulu. A kan faɗa masa dalilin da ya sa a ke hana shi wanka a ruwan da ke kwance. Tsutsar da ke kawo tsargiya a jikin ƙananan katantanwa ta ke girma, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka. Yaron da zai yi zamansa kusa da dam, irin na Guzuguzu ko na Magaga, wannan sani zai amfane shi har tsufansa.

Na uku, agajin gaggawa. Zai koyi danne rauni da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Zai san mai haɓo gaba ya kan sunkuya ya matse hancinsa. Zai san wanda maciji ya sara ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, sai a hana shi motsi a ɗauke shi zuwa asibiti da sauri.

Na huɗu, zama da mutane, wannan kuwa ya fi sauran. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka kuma yaro ɗaya ba ya kafa tanti. Dole wani ya riƙe sanda, wani ya ja igiya, wani ya buga turke. Ɗan hakimi zai ɗebo ruwa ran da layi ya zo kansa, ɗan maƙeri kuwa ya yiwu shi ne shugaba. Nan yaro zai koyi bin umurni ba da gunaguni ba, ya koyi ba da umurni ba da zagi ba.

Na biyar, dauriya. Daren farko kewar gida za ta kama shi, watakila ya yi kuka a ɓoye. Da gari ya waye sai ya ga ba abin da ya same shi. Wannan ƙarfin zuciya ba a rubuta shi a allo.

3. ABIN DA UBA ZAI TAMBAYA

Amma fa ba kowane taro ne sansani ba. Yaron da aka tura nesa ba guzuri, ba mai lura da shi, bara da wahala kaɗai zai koya. Zamani kuma ya sake. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, a Jihar Katsina, sai bayan kwanaki aka sako su. Uban da ya ji tsoro ba a ce ya yi laifi ba. Maganin tsoron shi ne bincike. Tafi da ƙafarka wurin shugaban makaranta, ka gaishe shi, ka tambaya:

Wane ne zai shugabanci yaran, wa ya san halinsa?
A ina za su kwana, cikin gari ne ko a daji, akwai katanga da masu gadi?
Hakimi ko dagaci da 'yan sanda sun san da zaman?
Malamai nawa ne, yara nawa ne?
Ina za su sami ruwan sha, ina asibiti mafi kusa?
Wace lambar waya za ka kira in bukata ta taso?

In amsa ta gamsar da kai, sa hannu, ka yi wa yaro addu'a. In aka yi maka kwana-kwana, riƙe ɗanka, ba kunya a ciki.

4. BAYAN YA KOMO

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, amma in an sake shi da wuri sai ya miƙe. Kwana bakwai ba su isa su gyara yaro ba sai gida ya taimaka. In ya ɗauki tsintsiya, kada ka ce aikin mata ne. In ya ce a tafasa ruwa, kada ka yi masa dariya. Ba shi wani aiki ya zama nasa, kamar kiwon akuya ko gyaran danga, ka bar shi da shi.

TAMBAYOYI

1. A wace shekara aka yi sansanin Brownsea, yara nawa ne?
2. Yaya tsargiya ta ke shiga jikin mutum?
3. Me za a yi wa wanda maciji ya sara?
4. Rubuta abu uku da za ka tambayi shugaban makaranta kafin ka sa hannu.